Shekarar da Haske Ya Leƙa Cikin Man Iya

Shekarar da na shiga aji huɗu na sakandare ita ce shekarar da wani haske da ban taɓa gani ba, a wata ƙasa da ban taɓa takawa ba, ya so ya raba Iya da Maman Rahila. Ku Abba da Siyama, lokacin kuna ta fama da majina, ba ku san wainar da ake toyawa ba, kuma na ji yadda ake ba ku labarin a waje, an datse masa kai an ƙara masa jela. Har akwai mai cewa na'urar Turawa ta kama kakarmu da ha'inci. To ku zauna in faɗa muku yadda aka yi, ni da aka aika na sayo abin da ya jawo rigimar da ƙafafuna. Na san za ku ce ai Yaya Zulai ce, in ta ga ƙadangare sai ta ce kada. Ban musa ba. Amma duk inda na ƙara gishiri a nan za ku gane, don gishirina ba ya ɓuya.

Tun da muka taso daga ƙauyenmu Kutemeshi muka dawo cikin gari, a shekarun da daji ya daina shiguwa saboda 'yan bindiga, Baba bai sake noma babbar gonarsa ba. 'Yar ta bakin gari ce ya riƙe, wadda in ka yi atishawa a wannan kunya sai a ce maka yarhamukallah daga waccan. Abin da ya riƙe gidanmu shi ne man kaɗe, kuma man kaɗe a unguwarmu Iya ce. Da can ita da kanta take shiga daji da sassafe a farkon damina, ta tsinto 'ya'yan kaɗanya da suka zubo. Yanzu sai dai a sayi ƙwallon daga hannun matan Kazage da Kusasu ranar kasuwa. Sauran aikin kuwa a tsakar gidanmu ake yi: a dafa, a shanya, a fasa, a soya, a kai inji, a dawo da ƙullun nan mai kama da laka, sannan mata su zagaye manyan kwanoni su yi ta bugu da hannu ana zuba ruwa har mai ya taso fari a sama. Wajen mata goma ne ke zuwa. Ba wanda ya zaɓi Iya shugaba, kamar yadda ba wanda ya zaɓi rana ta riƙa fitowa daga gabas. Tana zaune a kan 'yar kujerarta, sai ta leƙa kwanon mutum daga nesa ta ce, "Ƙara ruwa," ko "Hannunki ya mutu ne?" Kuma kowa ta bi.

A cikin matan nan babu mai hannun Maman Rahila. Daga kudancin Kaduna suka zo ita da mijinta, malamin firamare, ya koyar a nan har Allah ya karɓi ransa, ita kuma ta zauna da 'ya'yanta domin nan ta sani. Iya ce ta koya mata aikin tun daga fasa ƙwallo. In tana bugu, ina rantsuwa ana jin sautin daga tasha, direbobi su ɗauka taya ce ta fashe. Ban da man kaɗe tana da ɗan tebur a ƙofar gida, tana sayar da kananzir da kyandir da ashana da sabulu da basilin. 'Yarta Rahila ƙawata ce tun muna cin ƙasa. Tare muke tafiya makaranta, ni ina ba da labari, ita tana rage masa kashi biyu cikin uku kafin ta yarda.

Sai ga wayar Anti Safiya, autar Iya, wadda ta yi karatun kimiyya ta sami aiki a Kano a wani kamfani mai sayen man kaɗe yana kai wa masu yin sabulu da man shafawa a ƙasashen waje. Ta ce ta yi wa mutanenta maganar man Iya, kuma in ya yi musu, za su riƙa kwashe duk abin da matan suka yi, ba sai an ɗora a ka an kai kasuwa an wuni ana ciniki da rana ba. Sharaɗi ɗaya ne: a aiko da ɗan samfuri, za su tura shi waje a gwada.

"Iya, a aiko mafi kyau," in ji ta. "Amma don Allah kada a sa turare."

"Auta, ni za ki koya wa mai? Kina goye a bayana nake bugunsa."

A nan ne sai kun san wani abu game da Iya. Mai iri biyu take yi. Akwai na kowa da kowa, wanda ake sayarwa, ake sa wa a miya, ake shafa wa jariri, shi ba a ƙara masa komai. Akwai kuma na karramawa, wanda take yi wa mai jego ko baƙon da ya zo daga nesa ko matar liman. Shi man kaɗe in ya daskare yakan yi ɗan tsaki-tsaki a hannu, ita kuwa Iya a wurinta rashin tarbiyya ne ka miƙa wa babban mutum abu haka nan tsirara. Sai ta narkar da shi, ta zuba basilin, ta yi ta juyawa har ya yi laushi yana sheƙi, ta ɗiga madarar turare. Ku tuna basilin ya fi man kaɗe tsada nesa ba kusa ba. Duk wadda Iya ta sa wa basilin a mai, to ta kai mutum. Umma ta yi shekara da shekaru a gidan nan, sau ɗaya ta samu, ranar sunan Abba.

To mutanen da za su karɓi mai a ƙasar waje, waɗanda suka hau jirgi suka sauka, ai sun wuce matar liman. Da la'asar, bayan mata sun watse, Iya ta kira ni.

"Ke rediyo, je ki gidan Maman Rahila ki sayo min basilin. Babbar kwalba. Kada ki tsaya ba da labari."

Na tsaya ba da labari, amma na sayo. A gabana ta narka man, ta kwashi basilin da cokalin miya ba tare da rowa ba, ta juya har ya zama kamar za ka lasa. Turare kuwa ko ɗigo ba ta sa ba, domin Auta ta hana, kuma Iya mai cika magana ce. Ta zuba a roba mai murfi, ta naɗe da sabon ƙyalle. Washegari Maman Rahila za ta tasha sayo kayan teburinta, sai aka ba ta ta miƙa wa direban Kano. Daga can aka tura shi yadda yake a rufe. Ba wanda ya ɓoye komai, domin ba wanda ya ga abin ɓoyewa. Ni kaina da na ga yadda yake walƙiya na ce Turawan nan ba za su shafa ba, a burodi za su ci.

Damina ta yi nisa, masara ta fara goyo, muna ta jira. Matan sun riga sun kashe kuɗin a baki. Goggo Lami, maƙwabciyarmu ta bayan gida, wadda bakinta ya fi hannunta saurin bugu, ta sayi injin niƙa a mafarki har ta fara faɗa da masu kawo niƙa. Ranar da Anti ta kira, ana tsakiyar aiki, kowa hannu dumu-dumu. Iya ta ce in buɗe muryar wayar kowa ya ji albishir. Na buɗe. Da na sani da na ce caji ya ƙare.

"Iya, sakamako ya fito," muryarta a sanyaye. "Sun ce man ba zalla ba ne. Akwai abin da aka haɗa a ciki, kuma daga fetur aka samo shi. Ba kaɗan ba. Sun ce ba za su saya ba."

Bugu ya tsaya cak, har kaji suka daina tono.

"Fetur?" in ji Iya. "A man nawa? Mota ce ni?"

"Na'urar ba ta kuskure a irin wannan, Iya. Da haske take dubawa."

"To ki ce wa hasken ya je ya wanke idonsa."

Aka yi dariya, amma gajeriya. Ba wadda ta kawo basilin a ranta, har ni, har Iya. Fetur a wurinmu abu ne mai wari da ake sayarwa a galan a bakin titi. Basilin kuwa abin gayu ne, fari tas, ana shafa wa amare. Me ya haɗa kifi da kaska? Sai Goggo Lami ta share hannunta a bakin kwano a hankali, ta yi magana tana kallon sama kamar da gajimare take.

"Ni dai ban ce komai ba. Amma a cikinmu wa ke taɓa kananzir? Kuma a hannun wa robar nan ta fita daga gidan nan?"

Ba wadda ta ambaci suna, amma duk ido ya tafi wuri ɗaya. Maman Rahila ta ɗago, hannunta fari fat da mai har gwiwa.

"Lami, da ni kike?"

"Na kira sunanki?"

"Mama," ta juya wajen Iya, "kin ji abin da ake faɗa a gidanki?"

Abin da ya fi komai ciwo a labarin nan shi ne Iya ba ta ce komai ba. Ba wai ta yarda ba ne, kanta ne ya ɗaure. Ta san abin da ta zuba a robar nan, ta san babu fetur, ta san a unguwar nan hannu ɗaya ne ya taɓa ta bayan nata. Maman Rahila ta jira, ta ƙara jira, sannan ta wanke hannunta, ta bar ƙullunta a kwano ba ta ƙarasa ba, ta fita. Kafin magariba maganar ta zaga unguwa ta dawo da 'ya'ya. Wasu suka ce ta ɗebi man ta cike gurbin da narkakken kyandir. Wasu suka ce kananzir ne ya zube a jakarta ta ƙi faɗa. Matan suka tsayar cewa ranar Asabar za a zauna, kuma kowa ta san zaman na cire ta ne. Mace mai marayu, a garin da ba nata ba, in aka ce ta ci amanar Iya, ba bugun mai kaɗai za ta rasa ba, ko ashana ba mai sake saya a teburinta.

Da safe na tsaya a ƙofarsu kamar kullum. Rahila ta fito ta wuce ni kamar ni turken wuta ce. Na bi ta ina ba ta labarin wani bunsuru da ya shiga ofishin shugaban makaranta ya zauna a kujera, labarin da na ƙirƙira musamman dominta. Ko murmushi. Sai da muka kai kwanar makaranta ta ce, ba ta kalle ni ba:

"Mamata ba ta ci abinci ba jiya. Ki ajiye bunsurunki."

Da na dawo gida na ari wayar Umma na zaga bayan rumbu na kira Anti Safiya. Na ce ta bayyana min wannan haske mai raba mutane, kuma ta yi da Hausa, don Turancin kimiyya yana sa ni barci a tsaye.

Ta ce in fara da bishiya. Iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi ita kaɗanya ke sha, da ita take gina itacenta da 'ya'yanta da man da ke ciki. A cikin iskar akwai kabon, wato abin da ke zama gawayi in an ƙona itace. Kusan duk kabon iri ɗaya ne, amma akwai wani ɗan ƙalilan da ya ɗan fi sauran nauyi, ana ce masa kabon sha huɗu, can sama ake samar da shi ya gauraya da iska. Shi ba ya dawwama. A hankali yake fitar da wani ɗan tururi da ido ba ya gani, yana rikiɗa yana ƙarewa, sai an yi shekara dubu biyar da ɗoriya kafin rabinsa ya tafi. Duk abin da ke raye yana ɗauke da shi, ni da ke da akuya da kaɗanya, domin kullum muna sabunta shi. In abu ya mutu, sabuntawa ta tsaya, sai raguwa.

"Yawansa fa?" na tambaya.

"Ki tara buhunan gero dubbai a kan dubbai, ki cika duk shagunan kasuwarku har su yi ambaliya. Ƙwaya ɗaya ce a ciki."

"Anti, ashe ƙarin gishiri gadon gidanmu ne."

"Wannan ba gishiri ba ne, ja'ira, har na rage."

Ta ce da can sai da wata na'ura mai cin ɗaki guda ake iya ƙirga shi. Yanzu an samo hanyar yi da hasken leza, wani siririn haske mai tafiya a miƙe kamar zare, a na'urar da tebur zai ɗauka. Sai su ƙona ɗan man, su tara iskar da ta fito, su tace ta, su zuba a wani bututu mai sanyi wanda ke da madubi a kowane baki. Madubin ba irin na Umma ba ne, kusan ba ya zubar da haske ko kaɗan. Sai su harba hasken ciki, an saita shi daidai irin wanda iska mai ɗauke da wannan kabon ɗin ke sha. Hasken ya yi ta kai da komo tsakanin madubin nan biyu, sau dubbai, yana ratsa iskar. Sai su datse shi su ga yadda zai mutu. In kabon sha huɗu na nan yadda ya kamata, zai riƙa shan hasken, ya mutu da wuri. In ya yi ƙaranci, hasken ya ɗan ƙara daɗewa. Daga wannan ɗan bambancin suke gane ko man daga bishiyar bana ya fito gaba ɗaya. Fetur kuwa asalinsa halittu ne da suka mutu tun shekaru miliyoyi, nasu ya ƙare ƙarƙaf. In aka zuba abin fetur a man kaɗe, sai lissafin ya yi giɓi, kamar nonon da aka tsinka da ruwa.

"Amma Anti, da kananzir ne ai da an ji wari."

"Wa ya ce kananzir? Abin da ake samu daga fetur yana da yawa. Leda, roba, kwalta, kyandir, basilin..."

Ban ji sauran ba. Na zauna daɓas a kan wani dutse. Na ce mata ta maimaita na ƙarshen. Ta maimaita. Na faɗa mata abin da na sayo, da cokalin miya, da sabon ƙyalle.

"Innalillahi," in ji ta. "Na karramawa ta yi musu. Ni ce ban yi bayani ba. Turare kawai na hana."

"To ki kira ta ki faɗa mata."

"A waya? In ce wa Iya karamcinta ne ya ɓata mai? Za ta ce boko ya sa na raina ta. Ki faɗa wa Baba."

Baba ya saurara har ƙarshe, ya shafa gemu, ya tuna yana da aiki a gona. Umma kuwa suruka ce, ko sunan Iya ba ta faɗa, balle ta ce mata ta yi kuskure. Ta dube ni ta ce, "Ke ce jika. Abin da za ki faɗa mata a yi dariya, in ni na faɗa sai an tara dangi." Haka ne kuwa. A duk gidan ni kaɗai ke da lasisin ce wa Iya tsohuwa mai ran ƙarfe in kwana lafiya. Matsalar ɗaya ce: ni ce kuma wadda ta taɓa ce mata an ga kura tana sayen ƙosai a tasha. Maganata a wurinta ba ta da nauyin gashin kaza. Ga Asabar tana matsowa.

Sai na ce bari in nuna mata da ido. Na ari 'yar fitilar lezar nan mai jan ɗigo da yara ke saƙalawa a makulli, na ɗauko madubin Umma, na kwance na babur ɗin Baba. Bayan azahar na same ta a ɗakinta tana tsince wake. Na jingina madubi nan, na jingina can, na tura ƙofa, na ce yau za ta ga ilimin ƙasar waje kyauta. Na danna. Jan ɗigon ya daki madubi, ya tsallake ɗayan, ya sauka a goshin Iya. Magen gidanmu ta gani, ta yi tsalle ta bi shi, ta faɗa cikin tiren wake. Wake ya watsu har ƙarƙashin gado.

"Zulai! Tsone min ido za ki yi, ko haukatar min da mage? Wannan ne ya ce akwai fetur a maina?"

"Ƙanensa ne, Iya. Shi babban ido ma ba ya ganinsa."

"Hasken da ba a gani. Yau na ji ƙaryar da ta fi ta kura."

Na durƙusa muna tsince waken tare. Duk barkwancin da na shirya ya gudu ya bar ni. Sai na faɗa mata kai tsaye, a hankali, ba gishiri ko ƙwaya, abin da ban taɓa yi ba tun da na fara magana. Na ce basilin daga fetur ake yin sa. Na ce Maman Rahila ba ta buɗe robar ba. Na ce abin da hasken ya gani, ni na sayo shi, ita ta zuba.

Hannunta ya tsaya a kan wake. Ta daɗe tana kallona, tana jiran in fashe da dariya. Ban fashe ba.

"Ɗauko min ragowar kwalbar," in ji ta. "Da man jiya. Da ashana."

Ta yagi tsumma biyu ta murza su kamar lagwani. Ɗaya ta shafe da man kaɗe, ɗaya da basilin, ta ɗora a kan fasasshen kasko a bakin ƙofa. Ta ce tun tana yarinya da man kaɗe suke kunna fitila, ƙanshinsa ko a kabari za ta gane. Ta kunna na farko, ya ci a natse, ta sunkuya ta shaƙa, ta gyaɗa kai. Ta kunna na biyu. Ya kama da zafi, baƙin hayaƙi ya miƙe, ta sunkuya ta shaƙa. Ni ma na ji. Warin kyandir ne sak, da ɗan na aci-bal-bal. Ta zauna tana kallonsa har ya cinye.

"Da tsada na saye shi," in ji ta, kamar ba da ni take ba. "Na ce kada su ce mutanen daji ba su san girma ba." Can ta ce, "Shi hasken naku, ya ga abin da na nufa?"

"A'a, Iya. Wannan ba ya gani."

"To bai gama gani ba." Ta numfasa. "Amma abin da ya gani, ya gani. Ni kuma ina zaune aka zagi yarinyar nan a gidana ban buɗe baki ba. Wannan ba haske ne ya yi ba."

Ba ta jira Asabar ba. Washegari da hantsi ta yafa mayafinta na zuwa biki, ta ɗauki sanda, ta ce in biyo ta. Iya ba ta zuwa gidan kowa sai gaisuwar mutuwa, don haka kafin mu kai ƙarshen layi rabin unguwa na biye da mu, ana tambayar wa ya rasu. Ta tsaya a ƙofar Goggo Lami ta ce ta fito ita ma. Muka tarar da Maman Rahila a bakin teburinta, ba mai saye ko ɗaya. Ta miƙe za ta durƙusa, Iya ta hana ta. A nan kan titi, a gaban kowa, da muryar da take cewa a ƙara ruwa, ta faɗi abin da ta zuba da dalilin da ya sa ta zuba. Ta ce duk wadda ke neman mai fetur, ga ta nan tsaye da sanda. Sannan ta ce:

"'Yar nan, shirun da na yi miki ya fi basilin muni. Ki yafe min."

Goggo Lami ta fara cewa ai ita dama ba ta kira suna ba. Iya ta kalle ta sau ɗaya, sauran maganar ta koma ciki.

Maman Rahila ta daɗe tana gyara kwalayen ashana da ba su karkace ba. Rahila na tsaye a bayanta, ta harɗe hannu.

"Mama, na yafe," in ji ta. "Ke kika koya min abin da nake ci da shi. Amma tsakar gidan nan da aka kalle ni haka, ƙafata ba za ta iya komawa ba. In gaskiya ce ake so in faɗa."

Na ɗauka Iya za ta yi lallashi, ko ta yi fushi. Tun da daddare Anti ta riga ta gaya mana a waya cewa mutanenta sun yarda a sake gwaji, amma sai kakar kaɗe mai zuwa, ta bana ta wuce mu. Wato ga asarar shekara, ga kuma mafi ƙarfin hannu za ta tafi. Iya ta leƙa ta ƙofar gidan, ta ƙare wa tsakar gidan Maman Rahila kallo, da bishiyar mangwaronta da rijiyarta.

"Akwai inuwa," in ji ta. "Akwai ruwa kusa. To ba sai ƙafarki ta koma ba. Mu namu za su zo."

Wata daga baya ta ce, "Iya, aikin da aka fi shekara nawa ana yi a gidanki?"

"A gidana aka ɓata shi."

Haka aka kwashe manyan kwanoni da tukwane daga gidanmu a ranar, a kan kawunan matan da suka shirya zaman Asabar. Goggo Lami ce ta ɗauki babbar tukunya, kuma ban ce komai ba, na dai raka ta da waƙa har ƙofa. Tsakar gidanmu ta zama fili, shirunta har yana damun kaji. Na san abin ya ci Iya, domin da yamma nakan gan ta tana kallon gurbin murhun da aka tashe.

Da kaɗe ya sake zuba, Maman Rahila ce ta buga samfuri na biyu da hannunta, a ƙarƙashin mangwaro, mata na zagaye. Ni da Rahila muna jan ruwa, ina ba ta labari tana ragewa. Man ya daskare da ɗan tsaki-tsakinsa, ba sheƙi, ba kwalliya. Na ga yatsun Iya suna motsi a kan cinyarta, sai ta tura hannayen biyu ƙarƙashinta ta zauna a kansu. Maman Rahila ta cika robar, ta kawo mata ta sa albarka kafin a rufe. Iya ta leƙa ciki, ta ɓata fuska kamar an ce ta aika ɗanta biki ba riga.

"Haka za a kai wa mutane shi?"

"Haka, Mama."

"To rufe da sauri," in ji Iya, "kafin hannuna ya kuɓuce."